Strava a hannun mai gudu a Katsina: ta kyauta ta isa, in ka san inda za ka duba

Masu fitowa motsa jiki bayan asuba suna yawan tambayata wace manhaja ce wannan da nake sa hoton taswirarta a status, mai jan layi a kan titi da lissafin kilomita a ƙasa, kuma wai kyauta ce ko sai an biya. Sunanta Strava, kuma amsata a taƙaice ita ce ku sauke ta, ku yi amfani da ta kyautar, kar kowa yai gaggawar biyan ko sisi. Amma akwai bayani, dan da yawa sun sauke ta suna amfani da ita ta hanyar da ba za ta ƙare su da komai ba sai ma ta jawo masu ciwon gwiwa.

Kamfanin na Amurka ne, a San Francisco yake, mutum biyu suka kafa shi a 2009, Mark Gainey da Michael Horvath, kuma da farko ma 'yan tseren keke suka fi amfani da ita kafin masu gudu su cika ta. Aikinta mai sauƙi ne. Ka danna maɓallin farawa, ka sa waya a aljihu ko jakar ƙugu, ita kuma tana bin sawunka da GPS, in ka gama ta faɗa maka nisan da kai, lokacin da ka ɗauka, da kuma minti nawa kake cinye kilomita ɗaya. Wannan na ƙarshen shi ne abin da masu gudun dogon zango ke magana da shi, ba wanda zai ce maka yana gudun kilomita kaza a awa kamar mota, sai dai ya ce ina yin minti 6 a kilomita. Kuma lissafin ba wuya, mai minti 6 zai gama kilomita 5 cikin minti 30, kilomita 10 cikin awa ɗaya cif, in kuma zai iya riƙe wannan takun har ƙarshen gudun famfalaƙi mai kilomita 42.195 to zai shigo a wajen awa 4 da minti 13. Dan ku gane inda duniya take, marigayi Kelvin Kiptum ɗan Kenya ya gama wannan nisan a Chicago a 2023 cikin awa 2 da daƙiƙa 35, wato kowace kilomita minti 2 da daƙiƙa 51, sau arba'in da biyu a jere ba hutu. Wallahi duk wanda ya taɓa gwada kilomita ɗaya tak a minti 4 ya san abin da wannan lambar take nufi.

Abu na farko da ya kamata 'yan uwa su sani, ba ta cin data lokacin da kake gudu. Mutane na tsoron wannan sosai. GPS ba ruwansa da layin waya, sigina ce daga taurarin ɗan adam da ke can sama wajen kilomita 20,200, wayarka saurare kawai take, in ta samu huɗu ko fiye ta gane inda kake. Za ka iya kashe data gaba ɗaya ka fita kai gudunka a titin Dutsin-ma ko ta bakin Ring Road, in ka dawo gida ka kunna sai ta tura. Abin da take ci shi ne caji, shi kam tana ci, musamman in ka bar fuskar wayar a kunne, dan haka wanda zai yi doguwar tafiya ya tabbata ya samu wuta da daddare ko ya kai wajen mai caji tun da yamma.

Nan Katsina kuma Allah Ya ba mu sa'a ta wannan fannin, gari ne shimfiɗaɗɗe, ba dogayen benaye da za su tare sama, to sigina na zuwa da kyau. A fili, GPS na waya yakan kuskure da kamar mita 5 ne. Inda na ga layin yana ɗan karkacewa shi ne in ka kutsa lungunan cikin gari, irin ta wajen Gobarau ko bayan Ƙofar Soro inda katangu suka matse hanya, ko ƙarƙashin manyan itatuwan darbejiya na GRA, nan za ka ga taswira ta nuna ka ratsa ta cikin gidan mutane alhali kan hanya kake. Wannan ba laifin manhaja ba ne, haka GPS yake a kowace waya. Maganinsa in ka buɗe ta ka tsaya a fili ka ɗan jira har ta nuna ta kama sigina kafin ka danna farawa, kar ka danna tun kana cikin zaure.

Akwai kuma wata matsala da ta fi wannan ɓata rai wadda daga waya take. Yawancin wayoyin da muke riƙewa suna da tsarin tattalin batir da ke kashe duk manhajar da ke aiki a bayan fage in fuska ta mutu. Wani ƙanenmu da muke fita tare, yana shirin gwajin shiga aikin ɗamara, ya zo mani rai a ɓace ya ce, Yaya dan Allah duba mani wannan abin, na zagaya tun daga Ƙofar Ƙaura har na dawo amma wai kilomita 2 nai. Na karɓi wayar na duba, sai ga layi miƙe sar kamar an ja da rula daga inda ya sa wayar a aljihu zuwa inda ya fito da ita, duk kwanar da ya sha babu ita. Muka shiga saitin wayar, muka cire Strava daga cikin waɗanda ake taƙaita wa batir, muka ba ta izinin sanin wuri daidai, shi ke nan magana ta ƙare. Duk wanda ya ga irin wannan miƙaƙƙen layin to can zai duba.

In kana son ka gwada gaskiyar wayarka, nemi filin gudu mai zagayen mita 400, ka bi layin ciki na farko, zagaye 12 da rabi kilomita 5 ke nan, zagaye 25 kilomita 10. Kar kai mamaki in waya ta ba ka fiye ko ƙasa da haka kaɗan, zagaye shi ne abin da ya fi ba GPS wahala. Kuma ka lura da layin da kake bi, dan layi na takwas na can waje ya haura mita 450 a zagaye ɗaya, mutane da yawa ba su san haka ba sai su yi ta zargin waya.

To yanzu ga inda nake son in daɗe, dan shi ne dalilin rubutun. Yawancin waɗanda na gani suna amfani da Strava lamba ɗaya kawai suke kallo, saurin yau. Jiya nai minti 5:50 a kilomita, yau dole in yi 5:40, gobe 5:30. Kullum tsere suke da kansu, kuma da yake abokai na gani suna danna masu alamar jinjina, sai mutum ya ji kunyar a ga ya yi minti 7. Wannan hanyar ba ta kai kowa ko'ina, sauri ya haifi nawa, bayan ɗan lokaci sai ka ji an ce wane ya daina fitowa, ƙwauri na ciwo, ko agara, ko gwiwa. Masu horar da 'yan gudun dogon zango sun daɗe da gane cewa mafi yawan gudun mutum ya kamata ya zama a hankali ne, irin wanda za ka iya hira da na kusa da kai ba tare da numfashi ya sarƙe ba, wani masanin motsa jiki Stephen Seiler da ya bibiyi yadda manyan 'yan wasan juriya ke atisaye ya nuna kusan kashi 80 cikin 100 na aikinsu mai sauƙi ne, kashi 20 ne kawai mai zafi. Amfanin Strava a wajena shi ne ta riƙe ni a wannan sauƙin. Akwai murya da za ka kunna tana faɗa maka saurinka duk bayan kilomita, in na ji ta ce na fi saurin da na tsara a ranar gudu mai sauƙi sai in rage ƙafa, ba in ƙara ba.

Lambar da ta fi muhimmanci tana shafinka na kanka, inda ake nuna jimillar kilomitan mako, da zane mai hawa da sauka na makonni 12 da suka wuce, kuma wannan kyauta ne. Makon nata daga Litinin yake farawa. Kamar littafin mai kanti ne, cinikin rana ɗaya ba ya faɗa maka ko shago na tafiya sai ka haɗa na mako da na wata. In ka kalli zanen nan ka ga makon jiya 15, wannan makon 35, na gaba 8, to ka san akwai gyara ko da kuwa kowane gudu a cikinsu ya yi kyau a ido. Abin da ake so shi ne hawa a hankali, akwai tsohuwar ƙa'ida da masu gudu ke bi ta kar ka ƙara fiye da kashi 10 cikin 100 a kan na makon baya, ba doka ba ce daga sama amma tana hana ganganci, wanda yai 20 sai ya yi 22, ba 30 ba, kuma duk bayan mako uku ko huɗu ya sassauta mako guda jiki ya murmure. Huhu da zuciya suna saurin sabawa, ƙashi da jijiya su ne masu nawa, shi ya sa mutum zai ji yana da sauran numfashi amma ƙafa ta ƙi. Irin su Eliud Kipchoge, gwarzon gudun famfalaƙi ɗan Kenya, da ake cewa suna cin wajen kilomita 200 a mako, wato fiye da nisan Katsina zuwa Kano, shekaru suka kwashe suna ɗora ɗaya kan ɗaya kafin su kai nan.

Abu na biyu da nake so a cikinta shi ne rabe-raben kilomita. In ka buɗe gudun da ka gama ka ja ƙasa za ka ga kowace kilomita da lokacinta a jere, da ɗan zane a gefe mai nuna wadda ta fi sauri. Nan asirin kowa ke tonuwa. Za ka ga na farko 5:20, na biyu 5:35, na uku 6:10, na huɗu 6:50, na biyar 7:30, jimilla dai ta ba da wani abu mai kama da 6:17 wanda ba laifi a ido, amma jerin na faɗa maka mutumin nan ya fita da wuta ne ya dawo da jan ƙafa. Wani kuma zai yi 6:25, 6:20, 6:18, 6:12, 6:05, kusan lokaci ɗaya suka gama amma na biyun shi ne ya iya gudu, kuma shi ne gobe zai iya sake fitowa. Akwai wani dattijo tsohon soja da muke haɗuwa da shi ta wajen filin wasa na Muhammadu Dikko, shi ba ya riƙe waya sam, da na nuna masa irin wannan jerin na wani yaro sai ya ce, ɗana ai wannan ba sai na'ura ta faɗa ba, tun daga yadda ya wuce ni a farko na san zan same shi a gaba yana riƙe da ƙugu. Na ce ƙwarai Baba, amma shi yaron ba zai yarda ba sai ya gani a rubuce. Kuma haka ne, gani ya kori ji.

A kula da wani abu guda a nan. Saurin da take nunawa a gudu na yau da kullum da lokacin da kake motsi take lissafa shi, in ka tsaya shan ruwa ko gaisawa da wani ko jiran mota ta wuce ba ta sa shi ciki, sai in ka sa wa gudun alamar tsere ne take amfani da cikakken lokaci tun daga farawa har gamawa. Duk biyun suna nan a rubuce in ka duba. Wanda ke shirin zuwa gasa ta gaske, irin gudun famfalaƙi na Legas da aka fara a 2016 ake yi a watan Fabrairu, ko na kilomita 10 na Okpekpe a jihar Edo, to cikakken lokacin zai riƙa kallo, dan ranar gasa agogo ba ya tsayawa dan ka tsaya.

Sai lissafin takalmi, wanda mutane ƙalilan suka san da shi kuma kyauta ne. Kana shigar da takalminka, duk gudun da kai sai ta ɗora masa kilomitan, ka kuma zaɓi inda za ta tunatar da kai. Galibi ana cewa takalmin gudu na gajiya tsakanin kilomita 500 zuwa 800, ko da samansa na nan lafiya lau, katifar ƙasan ce ke mutuwa. Mu da yawancinmu gwanjo muke saye ba mu san nawa mai shi na farko ya ci a kai ba, to sai ka rage lissafin, ka kuma riƙa juya shi kana duba ƙasan.

Yanzu abin da ba ta iya yi. Strava ba ta san Katsina ba. Ba ta san cewa a watan Afrilu zafi na haura 40 ba, har da asuba ma iska ɗumi gare ta, ba ta san ƙurar hunturu da ke busar da maƙoshi a Disamba da Janairu ba, ba ta san kana azumi ka fito bayan tarawihi da ciki cike da kunu da ƙosai ba, ba ta san ka bar kwalta ka shiga rairayi ba. Ita lamba kawai take gani. Minti 6:30 a bazara na iya fin 6:00 na lokacin sanyi wahala nesa ba kusa ba, wanda bai rubuta wannan ba zai zo yana duba baya ya ɗauka ya lalace ne alhali yanayi ne. Akwai wurin rubuta bayani a ƙarƙashin kowane gudu, dan Allah a riƙa cika shi ko da layi ɗaya ne, zafi sosai, ban yi barci ba, ƙwaurin hagu na ɗan ja, na sha ruwa kafin in fita. Wannan layin watarana sai ya fi taswirar amfani. Kuma babu Hausa a cikinta, muryar ma da Turanci take magana, wannan gaskiya cikas ne ga wasu, kodayake lambobi ne mafi yawa, in aka nuna wa mutum sau ɗaya ya gane.

Maganar tsaro kuma ba zan wuce ta da sauri ba, dan mun san halin da jiharmu take ciki. Manhaja ce da ke zana inda ka fito, inda ka bi, ƙarfe nawa, kuma in ka bar ta a buɗe kowa na iya gani. A Janairun 2018 wani ɗalibi ɗan Ostareliya ya gano cewa taswirar da kamfanin ya wallafa ta hanyoyin da mutane suka fi bi tana nuna sansanonin soja a Siriya da Afganistan, saboda sojojin na gudu da ita a ciki. In ta nuna sansanin soja to ƙofar gidanka fa? Kafin gudunka na farko ka shiga saitin sirri, ka mayar da shi mabiyanka kawai ko kai kaɗai, ka kunna ɓoye farko da ƙarshen hanya, kar ka karɓi wanda ba ka sani ba, kuma ya fi kyau kar ka danna farawa sai ka fita babban titi. 'Yan uwa mata da ke zagaye a harabar makaranta ko cikin unguwa, ku kam ku zaɓi saitin "ni kaɗai" kawai, lissafinku na nan ba abin da ya ragu. Hoton da ake sawa a status ma a riƙa yanke taswirar, kuma kar a riƙa bin hanya ɗaya a lokaci ɗaya kullum, balle a miƙa bayan gari cikin duhu dan neman cika kilomita.

To a biya ko kar a biya? Tun watan Mayun 2020 suka mayar da abubuwa da dama na masu biya, cikakken jerin gwanaye a yankunan hanya da ake gasa, tsara hanya, da shafin da ke jera maka atisayenka mako-mako da ƙwallaye manya da ƙanana gwargwadon nisan kowace rana. Shafin nan yana da kyau, ba zan ɓoye ba, kallo ɗaya za ka ga inda ka yi yawa da inda kai sake. A Amurka farashin da suka sa a 2023 dala 11.99 ne a wata ko 79.99 a shekara, kowa ya juya wannan zuwa naira ya ga takalmi nawa zai saya da shi. Wanda ke da agogon Garmin ko Coros mai auna bugun zuciya kuma yana shirin gasa da gaske, shi zai iya cin moriyar biyan, dan yawancin ƙarin bayanan da bugun zuciya suke aiki. Su kuma ƙananan agogunan nan masu araha da ba su da GPS a cikinsu, taku suke ƙirgawa su yi kintace, kar a dogara da kilomitansu.

Sauranmu abin da wancan shafin ke yi littafin makaranta mai shafi 40 zai yi shi, Kipchoge kansa an san shi da rubuta atisayensa da hannu a littafi. Ka ja layi biyar, kwanan wata, kilomita, minti a kilomita, yanayi, yadda jiki ya ji, ka kwafo ukun farko daga waya in ka dawo kafin ka shiga wanka, ranar Lahadi da daddare ka haɗa jimillar mako ka rubuta ta da jan biro a gefe, ka rubuta ta makon gobe da fensir a ƙarƙashinta. In waya ta ɓace ko ta faɗa ruwa ba abin damuwa, lissafinka na Strava na kan asusunka, kana shiga a wata wayar zai dawo, sai dai ka adana imel da lambar sirrin da ka buɗe da su, ka rubuta su a bangon littafin daga ciki.